Firji mai aiki da maganaɗisu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina koyar da kimiyya a karkarar Kura, inda tumatir ke ruɓewa kwando-kwando da kaka. Shi ya sa ƙarfen gadoliniyam, wanda ake iya haɗa firji da shi, ya ja hankalina. In aka kusanto masa da maganaɗisu mai ƙarfi, ƙwayoyinsa kan jeru sahu guda, ya ɗau ɗumi. Ruwa ya kwashe ɗumin, a janye maganaɗisun, sai ya yi sanyi fiye da farko, babu gas. Tun 1976 wani masani a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya gwada irin wannan firji. Sai dai gadoliniyam ya fi aiki wajen digiri 20, mu kuwa Afrilu kan haura 40, ga tsada. Don Allah ku tambayo mana masanan Jami'ar Bayero: akwai haɗin ƙarafan da zai jure zafinmu?

Malamin sakandare, Kura, Kano