Sanarwa ga Iyayen Ɗalibai

Assalamu alaikum, iyaye maza da mata. Saboda sanyin hunturu, an mayar da darasin hadda zuwa ƙarfe 8:30 na safe, domin ƙananan yara, musamman masu tahowa daga Barhim da Dutsin Safe a Keke Napep, suna isowa hannuwansu a sandare, ko alƙalami ba sa iya riƙewa. Don Allah a riƙa sa musu rigar sanyi.

Game da kuɗin zango kuwa, makarantarmu mai zaman kanta ce, daga abin da kuke biya ake fitar da albashin malamai. Duk wanda ke cikin matsi ya zo ofis mu tattauna cikin sirri, amma kada a zaunar da yaro a gida saboda bashi. Allah ya yi wa zuri'a albarka.