Zuwa ga ɗana da ya tambaye ni yadda ake kayar da sanata

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar da aka gayyace ni shirin siyasa a wani gidan rediyo na nan Kumasi, ka bugo waya daga Najeriya ka ce: "Kawu, ku a Ghana kun saba tuge 'yan majalisar da suka daɗe a kan kujera. Mu sanatanmu ya mai da kujerar kamar ta gado, ga 2027 ta ƙarato, ba mu da kuɗi, ba mu da uban gida. Ta ina za mu faro?" Lokacin shirin ya ƙure ban ba ka amsar kirki ba. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan amsa, ko wani ma ya ƙaru.

Ka fara sanin cewa mu ba mu da sanata. Majalisarmu guda ɗaya ce, kujeru 276. Mazaɓa irin tamu ta Asawase, mai himma zai iya taka ta da ƙafa, daga Aboabo zuwa Sawaba har Asokore Mampong, ya gaisa da kowane limami. Ku sanatoci 109 gare ku, uku a kowace jiha, ɗaya a Abuja, kuma Kano ta Kudu kaɗai ƙananan hukumomi 16 ce. Mu mutum na iya tsayawa ba jam'iyya, kamar yadda Andrew Asiamah ya yi a Fomena a 2020 ya ci, har ya zama raba-gardama a majalisar da manyan jam'iyyu biyu suka yi kunnen doki, 137 da 137. Ku dokarku ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. A takardar ƙuri'armu akwai suna da hoton ɗan takara, taku tambarin jam'iyya ne kawai. Saboda haka kada ka ɗauki duk abin da ya yi mana aiki ka ce lallai sai ya yi muku.

Amma ana kayar da su, kuma a ƙasarku ma an yi. Bukola Saraki yana shugaban majalisar dattawa ya faɗi a Kwara ta Tsakiya a 2019. Kabiru Gaya yana majalisar tun 2007, Kawu Sumaila ya karɓe kujerar a 2023. A shekarar ne kuma Ireti Kingibe ta kayar da Philip Aduda a Abuja. Mu nan jihar Ashanti, cibiyar jam'iyyar NPP, ɗan jam'iyyar K. T. Hammond yana wakiltar Adansi Asokwa tun 2001, ya faɗi a watan Disamba na 2024. Na san za ka ce guguwa ce ta kwashe su, can ta Kwankwasiyya ko ta Peter Obi, nan ta tsadar rayuwa. Ban musa ba. Sai dai akwai wurare da dama da guguwar ta kaɗa, jama'a suka fito a fusace suka dangwala, aka wayi gari mai kujera yana kan kujerarsa, don ba wanda ya tsaya ya ga an rubuta abin da aka ƙirga.

Nan ne amsata take: a rumfar zaɓe ake kayar da sanata, kuma da takarda.

Mu a Ghana wahala ce ta koya mana. Bayan zaɓen 2012 aka shafe watanni a Kotun Ƙoli, ana nunawa a talabijin, lauyoyi suna ta juya takardun sakamakon rumfuna, waɗanda muke kira "pink sheet", har aka yanke hukunci ranar 29 ga Agusta, 2013. Tun daga lokacin tsohuwa mai sayar da koko ma ta san takardar nan ita ce zaɓen. Dubi kuma Ablekuma ta Arewa a Accra. An yi zaɓe ranar 7 ga Disamba, 2024, rikici ya ɓarke wajen tattara sakamako, aka yi ta jayayya a kan takardu, mazaɓar ta zauna wata bakwai ba a bayyana wanda ya ci ba. Sai a watan Yuli na 2025 aka sake zaɓe a rumfuna 19, kuma da tazarar ƙuri'a 209 aka raba gardama. Mutanen layi ɗaya ne fa a Aboabo.

Taku takardar ita ce EC8A. A gaban jama'a ake ƙirga ƙuri'u, jami'in zaɓe ya rubuta, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowannensu kwafi, a ɗauki hotonta da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe. Wanda ke da kwafin kowace rumfa a hannu kafin tsakar dare, da wuya a sauya masa lissafi a wurin tattarawa na mazaɓa ko na ƙaramar hukuma. In ma an sauya, yana da abin kai wa kotu, kuma kwana 21 kacal doka ta ba shi ya shigar da ƙara bayan an bayyana sakamako. Wanda bai da takardun, ko shi ya ci, sai dai ya yi ta rantsuwa a rediyo.

To wa zai tsaya a rumfar? Nan 'yan adawa suka fi yin sakaci. Sai saura mako guda a tara yara a cike sunaye, a tura yaro unguwar da ba a san shi ba, ba karin kumallo, wayarsa ba caji. La'asar na yi mutumin sanata zai kira shi gefe da farantin shinkafa da 'yar ambulan, shi ke nan an gama da rumfar. Ejan na gaskiya ɗan unguwar ne, a rumfar yake zaɓe, ya iya karatu da lissafi, yana da mutuncin da yake jin kunyar zubarwa a gaban surukansa. Malamin firamare, tela, mai kemis, malamar Islamiyya. A miƙa sunansa ga INEC a kan lokaci ya samu katin shaida. A koya masa takardar layi-layi: yawan waɗanda aka tantance, ƙuri'un da suka lalace, yadda jimla za ta dace da su, abin da zai yi in ba ta dace ba. A ba shi mataimaki, don mutum zai yi sallah, zai zaga. A ba shi abinci, fitila da abin cajin waya. Kuɗin wannan kuwa ba na uban gida ba ne. Adashi ne. In kowace majalisar shayi ta ɗauki nauyin rumfa ɗaya tana tara ɗan abin da ya samu duk Juma'a, kafin ranar zaɓe an haɗa. Mu nan haka samarin zango suke yi in bikin ɗayansu ya taso, ban ga abin da zai hana a yi wa akwati ba.

Kafin ranar kuwa, ku zauna da sakamakon 2023 rumfa-rumfa. Za ku ga abin da zai ba ku mamaki. Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista a ƙasarku, waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ke nan sanatan da kuke ganin ya fi ƙarfinku, 'yan tsiraru ne suka zaɓe shi, mafi yawa suna gida. Kada ku ɓata ƙarfi wajen juyo da wanda ke cin abinci a ƙofar gidansa. Ku nemi wadda katinta ke ƙasan akwatin kaya, da wanda ya yi rajista bai je ya karɓa ba, da yaron da bana ya cika 18. Kowace rumfa a samu littafi: gida kaza, masu kati kaza, wa zai rako tsofaffi, wa zai kawo Keke Napep.

Kuma ku je wa mata da kanku, ba ta bakin mazajensu kaɗai ba. A zangunanmu ɗan takarar da Magajiya, wato shugabar matan zango, da ƙungiyoyin biki da suna ba su karɓa ba, ya sha wuya. Su ne kan gaba a layi tun asuba. Ga shi ranar ana miƙa wa mutum takardu uku, ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai, yawancin sanatoci kuma a inuwar ɗan takarar shugaban ƙasa suke tsallakewa da kiran "sak". Sai an zauna tsakar gida da samfurin takarda an nuna wa Inna cewa tana iya yin wake da shinkafa, ta ba wannan tambari a sama, wancan a ta sanata, ƙuri'arta ba ta lalace ba. Taron filin wasa ba ya koyar da wannan.

Maganar jam'iyya zan taƙaita. In a cikin jam'iyyar sanatan za ku kara da shi, ku tuna Bashir Machina. Ya ci zaɓen fidda gwani na APC a Yobe ta Arewa a 2022, kotuna biyu suka ba shi gaskiya, Kotun Ƙoli ta miƙa tikitin ga Ahmad Lawan a Fabrairun 2023. Daliget kuma, nan da can, halinsu ɗaya. Ni dai da ni ne, wata jam'iyyar zan nema tun da wuri, mai tambarin da ƙauye ya sani. Kuma mutum ɗaya za ku tsayar, wanda ya kai 35, don dokar rage shekarun takara ta 2018 ba ta taɓa kujerar sanata ba. In kun fito ku huɗu kowa na ganin shi ya cancanta, to ku ne kuka mai da shi. Kada ka yi mamaki in ka ji shi ya saya wa biyu daga cikinku fom. Kiranye kuwa ku manta da shi: sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu, an gwada a kan Dino Melaye a 2018 abin ya watse wajen tantance sa hannu, kuma ba sanatan da aka taɓa dawo da shi gida ta wannan hanya.

Na saurari irin abin da kuke sakawa a Facebook, zagi ya yi yawa. Mutumin karkara da sanata ya taɓa biya wa kuɗin asibiti, in ka zagi sanatan shi ka zaga. Ku tambayi aiki. Ayyukan mazaɓu suna cikin kasafin kuɗi a rubuce, da sunan gari da adadin kuɗi. Ku je garin, ku tsaya inda aka ce an haƙa rijiyar burtsatse, ku tara mai unguwa da dattawa ku karanta musu abin da aka rubuta da sunansu. Su za su ƙarasa maganar. In ya raba taliya da atamfa kada ku tsaya faɗa da mai karɓa, yunwa gaskiya ce. Ku dai tuna mata ba wanda zai shiga bayan labule tare da ita.

Abu ɗaya nake roƙonka don Allah: kada ku ɗauki 'yan daba. Mu 'yan zango mun san ƙarshensa, don 'ya'yanmu aka daɗe ana haya su tsare akwati ko su fasa. Sai da aka yi harbe-harbe a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019 kafin majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin banga a shekarar. Mai kujera ya fi ku yara, ya fi ku sanin ofisoshi, kuma rumfar da aka soke saboda rikici galibi taku ce, inda kuka fi ƙarfi.

Ka fara da mazaɓarka ta kansila. Nemo jerin rumfunanta, ka rubuta sunan mutum biyu a gaban kowace, waɗanda ka je gidajensu suka amsa maka baki da baki. In ka cike, ka nemi takwaranka a mazaɓar da ke maƙwabtaka da ku ya yi tasa. Ka turo mini hoton jerin in gani, zan kuma haɗa ka da wani malamin makaranta a nan da ya daɗe yana horar da ejan-ejan, ku yi magana ta waya.

Ka gai da mahaifiyarka da kyau, ka ce mata goron yana nan tafe.

Kawunka,
daga Aboabo, Kumasi.