Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Kano: In Ba Waƙa Ba Ce, To Mece Ce?

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da fama da jama'a. Allah ya taya riƙo.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandaren 'yan mata a nan jihar, na daɗe ina shaƙar ƙurar alli. Na san abin da ke kan teburinka ya fi nawa zafi: azuzuwan da iska ta yaye wa rufi, yaran da ke zaune a ƙasa, malaman da ke jiran ƙarin girma. Wanda ya zo maka da zancen waƙa a wannan hali, ba laifi in an ce masa ana ta kai wa ke ta kaya. Duk da haka ka ba ni aron kunnenka, ranka ya daɗe, don laifi na yi da hannuna, kuma na tabbata ba ni kaɗai ke yin irinsa ba.

A zangon da ya wuce na ba 'yan aji biyar aikin gida, kowace ta rubuto waƙa baiti biyar a kan damina. Yawancinsu suka kawo 'yar ƙwar biyu, wato mai ɗango (layi) biyu a kowane baiti, an buɗe da sunan Allah da salati, an ɗaure ƙarshen kowane baiti da "wa". Ruwa na zubowa, shuka na fitowa, manoma na murmusawa. Ba wadda ta faɗi abin da idonta ya gani, amma duk sun cika sharaɗi, na raba musu bakwai-bakwai da takwas-takwas. Sai na zo kan littafin wata yarinya mai zama a layin baya, jikin taga. Ita daren da ɗakinsu ke yoyo ta rubuta. Yadda mahaifiyarta ke tashi cikin duhu tana jera roba da kwanon sha da tukunya a ƙarƙashin ɗigon, yadda kowanne ke da irin ƙararsa, yadda ƙarar ke sauyawa in kwanon ya kusa cika, har ƙannenta suka iya gane lokacin zubarwa ba tare da sun buɗe ido ba. Babu amsa-amo. Wani ɗangon kalma biyu, wani ya kai bakin takarda. Na zaro jan biro na rubuta mata: "Wannan ba waƙa ba ce." Na ba ta uku cikin goma.

Da aka tashi sai ta zo ta durƙusa gefen teburina, ta ce, "Malam, in karanta maka?" Na ce bismillah. Ashe da murya aka yi abin. Inda ɗango ya gajarce, nan ɗigo ne ke faɗuwa ɗaya-ɗaya. Inda ya yi tsawo, ruwan ne ya ɓalle. 'Yan sharar da suka rage a ajin suka tsaya da tsintsiya a hannu. Da ta gama ta ce, "Malam, to in ba waƙa ba ce, mece ce?" Na ce ta je gida, za mu yi magana. Har yau ban ba ta amsa ba.

Ma'anar da na auna ta da ita, ita ce wadda aka koya mini, nake kuma koyarwa. Adabi ya kasu gida biyu, na baka da rubutacce. Rubutacciyar waƙa kuwa saƙo ce da aka tsara cikin baitoci da ɗangogi, bisa kari da amsa-amo. Ta baka ita ce ta makaɗa, mai gindi da ɗiya da 'yan amshi, wadda ake yi da kalangu ko kotso ko taushi. Ban raina wannan rabo ba. Manyan malamanmu irin su Farfesa Ɗalhatu Muhammad da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun sha wahala kafin nazarin waƙar Hausa ya tsaya da ƙafarsa a jami'a, kuma da bazarsu muke rawa. Sai dai su sun siffanta waƙar da suka tarar ne. Mu da muka zo a baya muka mai da siffar ta zama doka, muna korar duk abin da bai shiga cikinta ba.

Shi Bahaushe ma kalma ɗaya gare shi, waƙa. Da ita yake kiran abin da mai niƙa ke yi a kan dutse, da abin da Narambaɗa ya yi a fadar Isa, da abin da malami ya rubuta da tawada. Katangar da muka gina tsakanin baka da rubutu ba ta taɓa hana kowa tsallakawa ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya ya makance tun yana ƙaramin yaro. A ka ya tsara waƙarsa Imfiraji, da baki ya fito da ita, wasu suka rubuta, kuma da karin kiɗan caji ya gina ta. Almajirai da makafi suka yawata da ita ƙofa-ƙofa tun kafin yawancin masu sonta su ga littafin. Amma a jarrabawa, yaron da ya ce ta baka ce ya faɗi. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba a ɗakin karatu suka yi aiki ba. Jajijai, wato matan da ta horar don koyarwa, su ne suka haddace su, suka kai wa 'yan taru, matan da ke taruwa neman ilimi a ƙauyuka, suna rerawa. A nan Kano kuma, ta gidan rediyo mutane suka san waƙoƙin 'yan Hikima Kulob ta Alhaji Mudi Sipikin, har da mata irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yarshehu. Kunne ne ya karɓe su kafin ido.

Shi kansa amsa-amon da na kayar da yarinyar nan a kansa, baƙo ne da ya zama ɗan gida. Daga Larabawa muka aro shi tare da aruli, ilimin ma'aunin waƙa da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara tun ƙarni na 8. Aro ne mai albarka, ya haifar mana da tahamisi mai ɗango biyar da tarbi'i mai ɗango huɗu da waƙoƙin masu jihadi, ya kawo mu har kan Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu. Amma ka saurari Ɗanƙwairo ko Shata da kyau, za ka ji ba su ɗaure kowane layi da harafi ɗaya ba, kuma ban taɓa jin wanda ya ce abin da suke yi ba waƙa ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello ma digirin girmamawa ta ba Shata a 1988. Wani abin dariya, masu kayan da kansu sun daɗe da sassauta ɗaurin. Tun 1947 sha'iran Iraƙi, Nazik al-Mala'ika da Badar Shakir al-Sayyab, suka fara waƙar da ba ta bin tsohon tsarin baiti mai ɗango biyu da amsa-amo guda. An yi musu ca, an ce sun kashe waƙa. Yau ana karantar da su a jami'o'in ƙasashen Larabawa. Mu da muka yi aro mun fi mai riga tsoron ta yage.

To yanzu dubi inda waƙar Hausa take raye. Tana sitidiyo, inda matashi ke zama da littafinsa ya rubuta baitoci, ya goge, ya sake, sannan a ɗora masa kiɗan fiyano. Aminu Ala misali ne da kowa ya sani: da alƙalami yake farawa, da baiti da amsa-amo, da kiɗa yake ƙarewa. A wane gida za mu ajiye shi? Na rubutu ya ce akwai kiɗa, na baka ya ce akwai alƙalami, ya zama jemage. Tana kuma wayoyin yaranmu, a Facebook da WhatsApp da TikTok, inda samari da 'yan mata ke tsayawa gaban kyamara su zubo magana mai kari ba tare da ganga ba, kan tsadar rayuwa, da 'yan bindiga, da auren dole, da ƙwaya. Ɗalibaina sun haddace irin waɗannan. Waƙar da ke cikin manhaja kuwa, ranar jarrabawa ake haɗuwa da ita, a rabu a ƙofar ɗakin.

Kada ka ɗauka yabon duk abin da ya fito daga sitidiyo nake yi, ranka ya daɗe. Wallahi akwai tarkace, kuma sun fi yawa. Akwai mai jera "zuciya" da "masoyiya" da "rayuwa" na minti shida bai ce komai ba, na'ura ce ke riƙe masa murya. Akwai wanda karin nasa gaba ɗaya daga fim ɗin Indiya ya kwaso. Akwai mai waƙar siyasa da ke wasa mutum bana ya zage shi baɗi da baitocin nan dai, suna kawai ya canja. Cikin masu rubutu ba amsa-amo kuma, da yawa zube ne suka daddatsa suka jera a tsaye, ba don sun ƙi aruli ba, don ba su san da shi ba. Ni har gobe in na ji an rera Sa'adu Zungur yadda ya kamata, tsigar jikina tashi take. Abin da ke damuna shi ne, da muka ce duk wannan sabon abu ba adabi ba ne, mun sallama yaranmu gare shi ba tare da mudu a hannunsu ba. Ba mu koya musu yadda za su bambance tsaba da ƙaiƙayi ba, don mun ƙi mu taɓa buhun. Yarinyar da ta iya feɗe jigo da salo a waƙar shekara 70 da suka wuce, ba ta taɓa jin malami ya ce ta gwada wannan wuƙar a kan abin da ke kunnenta kullum ba.

Mun taɓa yin irin wannan. Lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya ta sa gasar ƙagaggun labarai a 1933, sai da aka sha fama kafin malamai su yarda cewa ƙirƙirar labari aiki ne da ya dace da mai ilimi. Littattafan da gasar ta haifar su ne yanzu muke kira tushe. A shekarun 1990 kuma aka laƙaba wa littattafan matasanmu sunan adabin kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu ko sun cancanci a kira su adabi. Yau ɗalibai na samun digiri da nazarinsu. Ita kalmar adabi tushenta ɗaya da ladabi, shi ya sa muke saurin zame mata 'yan gadi, mu manta cewa masu ladabin jiya ma an taɓa kiransu marasa kunya. Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba, don da aka ba mawaƙin Amurka Bob Dylan kyautar Nobel ta adabi a 2016, Turawa sun yi ta cacar baki kan ko abin da ake rerawa da jita adabi ne. Su ke nan da ke da kalma daban ga waƙar da ake rerawa da wadda ake rubutawa. Mu da harshenmu ya riga ya raba gardamar, me muke jira?

Na san manhaja daga tarayya take zuwa, kuma hukumomin jarrabawa ke zaɓen littattafansu. Amma kai kana da kujera a Majalisar Ilimi ta Ƙasa, kana iya tayar da maganar a can. Kafin nan akwai abin da ke hannunka. Jami'ar Bayero na nan, da cibiyarta ta nazarin harsunan Nijeriya. Ƙungiyar marubuta reshen Kano na nan. Ka tara su wuri ɗaya da malaman sakandare da su kansu mawaƙan, tsofaffi da yara, a zauna a fitar da sabon kundin waƙoƙi na makarantun jiha, wanda zai ajiye Aƙilu Aliyu da ɗan sitidiyo da mai waƙar waya a shafukan da ke maƙwabtaka, a zaɓe su bisa nagarta kawai. Za a yi faɗa a wurin zaɓen, na sani, kuma faɗan ma riba ne. Sai dai don Allah kada a fitar da kundin bebe. A haɗa shi da murya, ko a katin waya ne, domin akwai malaman Hausa da yawa da ba su taɓa jin raujin waƙoƙin da suke koyarwa ba, suna karanta Imfiraji kamar sanarwar ɗaurin aure. Tsofaffin faya-fayen da ke gidajen rediyo, in ba a kwafe su yanzu ba, zafi da ƙura za su gama da su. A kuma biya masu waƙar haƙƙinsu, kada a ce musu albarka ta isa.

Sannan a taɓa takardar da muke bi wajen ba da maki. Ba cewa na yi a jefar da aruli ba. A koyar da shi fiye da yadda ake yi yanzu ma, don mai son karya ƙa'ida ya kamata ya fara saninta. Amma a bar wa malami fili ya tambayi abin da ya fi amsa-amo nauyi: shin yaron nan ya ga wani abu da idonsa? Kalmominsa suna da kari in an furta su? Akwai layin da za a cire waƙar ta rushe? Da wannan filin na nan, da ban yi abin da na yi ba.

Littafin yarinyar na cikin durowata, na roƙe ta ta bar mini. Na soke ukun na rubuta tara a gefe, amma sakamakon zangon ya riga ya tafi ofis da ukun. Wannan zangon da na sake ba su aikin waƙa, ta kawo 'yar ƙwar biyu mai "wa" a ƙarshen kowane baiti, tsaf, ba kuskure ko ɗaya, ba kuma komai a ciki. Na ba ta takwas. Baɗi za ta gama. In wata rana zagayen makarantu ya biyo da kai ta wajenmu kafin nan, ka tambayi malamin Hausa, zan sa ta karanta maka ta farkon.

Allah ya ƙara wa Kwamishina lafiya.

Naka,
Wani malamin Hausa,
Kano.