Maigidana yana ba ɗanmu abincin da ya faɗi ƙasa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana. Yau kwana uku ɗana yana gudawa, daren jiya har da amai, ban runtsa ba. Yanzu haka yana goye a bayana, jikinsa duk ya saki.

Abin ya fara ne ranar Lahadi. Kai, ya daɗe da farawa, ranar ce dai na gani da idona. Yankan kankana ya suɓuce wa yaron ya faɗi a kan tayil ɗin kicin, babansa ya ɗauka ya hure ya miƙa masa. Da na yi magana sai ya ce ai bai kai sakan biyar a ƙasa ba, wai ƙwayoyin cuta ba su kai ga hawa ba. Haka yake, Anti. Duk abin da ya tsinta a intanet ya zauna daram, ni kuwa ko a gaban 'yan'uwansa sai ya gwasale ni. Wai ni mai tsirfa ce, zubar da abinci almubazzaranci ne, su ma haka suka tashi ba abin da ya same su.

To ni ma na bincika. A 2016 masana a Jami'ar Rutgers ta Amurka sun gwada wannan magana, suka tarar ƙwayoyin cuta kan manne wa abinci tun sakan ɗaya bai cika ba. A cikin abubuwan da suka gwada, kankana ce ta fi kwasa saboda ruwan jikinta, kuma tayil ya fi kafet sakar wa abinci ƙwayoyin. A wannan kicin ɗin nake gyara ɗanyen nama, ruwa na fantsama, ana kuma shiga da takalmi. Ƙwayar cutar Salmonella, mai jawo gudawa da amai, takan yi makonni da rai a busasshen daɓe. Hurewa me za ta cire? Na nuna masa a waya, ko kallo bai yi ba.

Ban ce ba ni da nawa laifin ba. Ranar ban goge kicin ba, aiki ya sha kaina, kuma yaron komai ya tsinta sai baki. Ba kullum nake samun wanke masa hannu da sabulu ba. Amma ni ban taɓa ɗaukar abu daga ƙasa na sa masa a baki ba.

Ina ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da maganin zinc. Babansa ya ce haƙori ne kawai, in daina ɗaga hankali. Shin kankanar ce ta jawo? Yaya zan yi ya daina wannan ɗabi'a ba tare da ya ce na raina shi ba? Na gaji da zama mai laifi kullum.

Af, na manta, tun safe sau ɗaya ya yi fitsari, idanunsa sun ɗan faɗa. In jira babansa ya dawo, ko in ɗauke shi mu tafi asibiti?