Zuwa ga ɗana, kan maganar yayanka

Assalamu alaikum ɗana, ya iyali, ya jikokina? Jiya da daddare mahaifiyarku ko tuwo ba ta taɓa ba, tana zaune bakin gado tana share hawaye da gefen mayafi, wai ta ji kana ta zarya gidan surukinka ana ƙulla yadda za a raba yayanka da shagon nan. Wallahi barci ya gagare ni, shi ya sa na ɗauko waya.

Akwai wani ɗan sarauta da aka yi a Ingila, George mai sarautar Clarence, ƙanin Sarki Edward na huɗu uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana yaro yayan ya naɗa shi ya ba shi filaye da dukiya, amma wani babban basarake Warwick ya dinga hure masa kunne, ya aura masa 'yarsa Isabel a 1469 alhali sarki ya hana auren, suka haɗa baki suka yi ta tayar da ƙayar baya har a 1470 Edward ya tsere ya bar ƙasar. To ka san me surukin ya yi? Wanda ya kwaɗaita masa karaga ɗin nan, shi ya ɗauko tsohon sarki Henry na shida ya mayar, ya kuma aura wa ɗan Henry ɗaya 'yar tasa, George ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Dan Allah ka tsaya nan ka tambayi kanka, in an kori yayanka makullin shagon hannun wa zai koma?

A 1471 George ya dawo wajen yayansa, Edward ya yafe masa, amma zuciyar ta riga ta saba da ƙulle-ƙulle, bai daina ba, har sai da yayan da kansa ya tsaya gaban majalisa yana karanto laifinsa. Ran 18 ga Fabrairu 1478 aka kashe shi a Hasumiyar Landan yana da shekara 28, ana cewa a gangar giya aka nutsar da shi. Uwarsu Cecily tana raye fa, ɗanta ya kashe ɗanta, wannan ne ya fi tsaya min a rai da na kalli taku uwar jiya.

Ban ce yayanka ba shi da laifi ba, na san yana da riƙon kuɗi kuma bakinsa ba daɗi, zan yi masa magana. Ka zo ran Juma'a bayan masallaci, shi ma na ce ya taho da littafin shago mu duba tare. Ka zo kai kaɗai. Ka kira mahaifiyarka yau kafin ta kwanta.

Babanka.