Zuwa ga Mamana a Badagry, kan maganar "on" da 'yan uwansa

Assalamu alaikum Mamana, da fatan kina lafiya, ya karatu ya zafin Legas. Na saurari saƙon muryar da kika turo, wai darasin les indéfinis, wato kalmomin Faransanci da ba sa fayyace ko waye ko mene ne, ya ɗaure miki kai har kin fara cewa Faransanci ba naki bane. Haba dai. Ni a ganina matsalar ɗaya ce, kina bi ta Turanci kafin ki isa Faransanci, alhali a wannan babin Hausarki ta fi kusa da shi nesa ba kusa ba.

Ɗauki on. Ai "an" ɗinmu ne da "ana" da "aka". An sace akuya, on a volé la chèvre. An ce mini, on m'a dit. Ana buga ƙofa, on frappe. Ba a faɗi wanda ya yi ba, kuma ba wanda ya tambaya. Aikatau ɗinsa kullum na tilo ne irin na il, ko da mutum ɗari ake nufi. Sai dai a baki Faransawa sun mayar da shi nous, za ki ji on y va ana nufin mu tafi, toh a hira ki yi abinki amma a takardar jarrabawa ki rubuta nous idan "mu" kike nufi. Sannan ki kiyaye wani abu da littafi ba lallai ya gaya miki ba, mu in muka ce wa babba "an tashi lafiya?" girmamawa ce, su kuwa alors, on a bien dormi? yaro ake yi wa ita ko mara lafiya a gadon asibiti, in kika yi wa malaminki zai ga kamar kin raina shi, vous za ki ce masa.

Quelqu'un wani ne, quelque chose wani abu, rien ba komai. Tarkon yana wajen sifa, dole sai kin saka de a tsakani kuma sifar ta zauna a namiji: quelque chose de bon, rien de grave, quelqu'un de gentil ko da kuwa mace ce mai kirkin. Sai personne mai fuska biyu, une personne est venue wani mutum ya zo, personne n'est venu ba wanda ya zo. Kin ga ta farko mace ce ta biyu namiji. A titi suna haɗiye kalmar korewa "ne" ɗin su ce j'ai vu personne, ke kar ki haɗiye shi a rubutu.

Wanda nafi so ki natsu a kai shi ne n'importe. N'importe qui koma waye, n'importe quand koma yaushe, wannan mai sauƙi ne, amma in aka ce miki tu dis n'importe quoi ba izini aka baki ki faɗi abin da kika ga dama ba, cewa aka yi shirme kike yi. Haka quelconque, un livre quelconque kowane littafi ne, amma kika ce wa mutum il est quelconque kin ce ba shi da wani abin a zo a gani. Certain ma haka yake da wayo, in ya zo gaban suna, un certain Moussa, wani ne wai shi Musa, in ya koma baya, une nouvelle certaine, labari ne tabbatacce.

Truc da machin su ne "abin nan" namu, in sunan abu ya kwanta miki. Don Allah kar ki kira mutum Machin, raini ne, wane da wance na mutunci su ne Untel da Unetelle. Ƙirge kuma in ba kya son ki yanke, ki liƙa -aine: une dizaine wajen 10, une vingtaine wajen 20, une centaine wajen 100.

Ki riƙa sauraron labaran RFI da Faransanci ki kasa kunne ga irin il y aurait dix blessés. Wannan aurait ɗin, sigar aikatau da ake kira conditionnel, a nan ba sharaɗi bane, "wai" ne, ɗan jarida na cewa an ce mutum goma sun ji rauni amma shi bai tabbatar ba, ɗalibai da yawa nan suke faɗuwa a fassara su mayar da jita-jita gaskiya. Ki sami labari ɗaya kowace safiya ki ja layi ƙarƙashin duk on da certains da aurait, a gefe ki rubuta an, wasu, wai.

Ummanku na gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kilishin ya iso. Kuɗin littafin kuma sai ƙarshen wata in Allah ya kaimu. Allah ya yi miki albarka.

Babanki