Gwangwanin shayin da ka aiko ya iso Maraɗi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan hunturu ya sauka sosai, da asuba in ka dubi wajen Gulbi ba ka ganin itatuwan lambu saboda hazo. Ƴan fadarmu ta hira da shayi duk suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso hannuna ranar Juma'a. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Amma bari in faɗa maka gaskiya, dafuwar farko ɓata shi na yi. Ka san hannunmu: buta kan gawayi, ganye ya tafasa ya sake tafasa, a zuba sukari, a ɗaga a tsiyaya daga sama har kumfa ya cika kofi. Haka na yi masa, kamar koren shayin Sin da muka saba. Ƙamshi ya cika zaure, kowa na tambayar wane irin shayi ne wannan. Da aka rarraba aka kurɓa, sai bauri mai ɗaure harshe. Ƙamshin duk ya bi iska, ɗacin kawai ya bar mana. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san ba da kuɗi kaɗan ka saye shi ba.

Shi ya sa na zauna na bi diddiginsa. Sunan da ke jikin gwangwanin, Earl Grey, na wani firaministan Ingila ne, Charles Grey, wanda ya riƙe mulki daga 1830 zuwa 1834. Ganyen kuwa baƙin shayi ne, aka shafa masa man ɓawon wani lemo da ake kira bergamot. Ba lemon sha ba ne, tsami da ɗaci sun yi masa yawa, don ɓawonsa ake nomansa. Mafi yawansa daga Kalabiriya yake fitowa, can kudancin Italiya, kuma da sanyi ake tsinkarsa, daidai lokacin hunturunmu. Man nan kamar turare yake: ka bar kwalba a buɗe, ya tafi. To ina ga wanda aka ɗora kan garwashi na tsawon hira?

Yanzu ruwa nake tafasawa shi kaɗai, in sauke, in zuba ƙaramin cokali ɗaya na ganye ga kowane kofi, in rufe buta minti 3 zuwa 4, in tace. Sukari ɗan kaɗan. Har sabuwar buta na ware masa, don tsohuwar ta riga ta kama na'ana'a.

Wallahi ranar da na dace da shi, ni kaɗai na sha bayan sallar asuba, ban kira kowa ba. Launinsa ja ne garau, kana hango gindin kofi. Kurɓar farko shayi za ka ji tukuna, da nauyinsa a baki, sannan lemon ya biyo baya a hankali ta hanci, da wani ɗan ƙamshin fure a ciki. Bayan na shanye na shinshina kofin da ya huce, har lokacin yana nan.

Da wannan na samu ma'auni. Kwanaki na sayi wani na ƴan jakunkuna a wani kanti, shi ma da hoton lemo a kwalinsa, don in gwada su. Tun kafin in buɗe takarda ƙamshinsa ya doki hancina kamar sabulun wanka. Na yaga jaka ɗaya a tafin hannu: gari ne, kamar abin da aka share a gindin buhu. Naka kuwa ganye ne dogaye a murɗe, in sun jiƙa su warware ka ga ɓangarorin ganye na gaske. Na kantin nan take yake rina ruwa, amma ƙamshin a sama yake yawo, ƙarƙashinsa ba komai. A ganina wanda ya cika ƙamshi haka, lalataccen ganye yake rufewa. Ba na ƙin shayin jaka, da shi mai shayin bakin tasha yake ciyar da mu da madara da burodi. Amma wannan ba ajinsu ɗaya da naka ba.

Da na ga gwangwanin ya yi rabi, sai na fara dabara. Na samo lemun tsami sabon tsinka, na fere koren ɓawon kawai, ban taɓa farin da ke ciki ba don shi ne mai ɗaci. Na shanya a inuwa, iskar hunturu ta busar da shi cikin kwana biyu. Na haɗa da baƙin shayin Mambila da wani ya taho mini da shi daga Katsina, na rufe a kwalba mako guda. Bai kamo naka ba, namu ya fi kaifi kuma babu furen nan, amma yana da daɗi kuma na san abin da ke ciki. Ruwan lemon ma na gwada ɗigawa: nan da nan launin ya kwaranye ya yi haske. Sai dai kada a haɗa shi da madara, tsinkewa take yi.

In Allah ya hore ka sake aikowa, don Allah na ganye, kuma ƙaramin gwangwani. Zafin Afrilu na Maraɗi ba zai bar masa ƙamshi ba in ya daɗe. Wanda ya rage na ɗaure bakinsa na ɓoye a ɗaka, nesa da citta da kanumfari, na ajiye mana sai ka zo Sallah.

Ka gaishe mini da mai ɗaki da yara. Su Inna ma suna gaishe ka, suna sa maka albarka.

Naka amini,
daga Maraɗi